Gashin Bakin Nirapada-babu

Shekara ashirin da shida ina gyara gashin bakin Nirapada-babu, saboda haka idan ana maganar abin da ya same shi a bikin Puja na bara, babu wanda ya fi ni haƙƙin buɗe baki. “Babu” ɗin da ke jikin sunansa laƙabin girmamawa ne a wajenmu. Sunana Phatik, wanzami ne ni, kujerata tana jingine da rumfar shayin Nitai a bakin kasuwar Katwa. Duk maganar da aka yi a rumfar sai ta biyo ta kunnena, ko ina so ko ba na so, kuma galibi ina so.

Gashin baki ne na gaske, ba irin na yaran yanzu da za ka rantse ƙura ce ta sauka ba. Kowane gefe ya murɗe sama kamar ƙahon ɓauna, ga furfura ta yi masa ado. Nirapada-babu ya yi aikin duba tikiti a jirgin ƙasa har ya yi ritaya, kuma yakan ce bai taɓa buɗe baki ya tambayi fasinja tikiti ba, gashin bakin ne ke tambaya. Ni ma ina alfahari da shi, don aikin hannuna ne. Baƙo ya zo wucewa sai in nuna masa da aska in ce, “Wancan, ni nake kula da shi.”

Abu na biyu da yake cika baki a kai shi ne wasan unguwarmu. Kowace shekara ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo tana yin tsohon wasan nan, Sarkin Bakin Kogi, a filin makaranta, dandamali a tsakiya, jama'a a zagaye ta kowane gefe. Kakanninmu sun kalla, iyayenmu sun kalla, kuma har yau mata na zuwa da ƙyallen share hawaye tun daga gida. Nirapada-babu ya kalle shi sau arba'in da ɗaya daga wuri guda, layin gaba, kusa da makaɗa. Bai taɓa taka dandamali ba, amma ya naɗa kansa shugaban masu kallo, muƙamin da shi kaɗai ya san da zamansa.

Ana saura wata guda biki, Mastar-moshai Anukul, malamin makarantar da ke shirya wasan, ya zo ya manna takardar sunayen 'yan wasa a ginshiƙin rumfar Nitai kamar yadda aka saba. Kowa ya san za a sami sabon sarki, don Pashupati-babu da ya shekara talatin yana riƙe da matsayin, gwiwoyinsa sun ƙi shi. Nitai ya goge hannu ya karanta da ƙarfi.

“Sarki, Gopen Modak.”

Kowa ya ajiye kofinsa.

“Wane Gopen?” in ji wani.

“Gopen nawa gare mu? Mai alewar madara mana.”

Wani dattijo ya ƙware da shayi. Gopen mutumin kirki ne, kowa na son sa, amma gajere ne, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, kuma idan ya ce “Me za a ba ki, Inna?” sai ka waiwaya kana neman yarinyar da ta yi magana. Nan take rumfa ta rabu biyu. Wasu suka ce an kashe wasan, wasu suka ce aƙalla za a riƙa cin alewa a wajen gwaji. Kafin rana ta take, mata a bakin kogi ma sun bar wanki suna gardama.

Nirapada-babu yana kan kujerata a lokacin, kumfa a haɓarsa. Ya ture hannuna, ya miƙe da ƙyallen aski a wuya.

“Sarkin Bakin Kogi,” ya ce, “mutum ne da idan ya yi tari dawakai ke durƙusawa. Za a ba wa mai damun madara? Ina raye?”

“Ka zauna, Dada, kumfar za ta bushe,” na ce, don Dada muke ce wa wanda ya girme mu.

“Bar ta ta bushe. Mastar-moshai bai san da wa yake yi ba. Kwana uku na ba shi, da hannunsa zai yage takardar nan.”

“In bai yage ba fa?” in ji Nitai, wanda zuga mutane ta fi masa sayar da shayi daɗi.

Nirapada-babu ya kama gefen gashin bakinsa na dama da yatsu biyu. A wajenmu wanda ya kama gashin bakinsa ya yi magana, ya gama magana.

“Ku shaida. Jawabin bakin kogi baiti sittin da huɗu ne. Idan Gopen ya kai ƙarshensa a kan dandamalin nan, Phatik ya aske min wannan a tsakiyar kasuwa.”

Nitai ya ce ya shaida, sannan ya shaida a madadin ƙaninsa da ke Kolkata.

Dabarar farko ita ce tara sa hannun jama'a. Nirapada-babu ya sayi doguwar takarda, ya rubuta ƙara a samanta da irin rubutun ma'aikatan jirgi, ya ce kafin Lahadi zai tara hannu ɗari biyar. Ya manta abu ɗaya. A garinmu baƙo ba ya fita daga gida ba a sa masa abu mai zaƙi a faranti ba, kuma ƙin ci cin fuska ne. Shagon alewa kuwa guda ɗaya ne a unguwar.

“Ci mana, Nirapada-da, yanzu aka kawo daga wajen Gopen,” in ji matar gidan farko.

“Mutumin nan ba shi da murya,” ya ce, bakinsa a cike.

“Amma yana da hannu,” ta ce, ta ƙara masa biyu.

“To ki sa naki hannun a nan.”

“Sai maigida ya dawo.”

A gida na biyu maigidan ne ke nan, ya ce sai matarsa ta dawo. A gida na bakwai aka ce ai Gopen ne ya yi alewar auren 'yarsu, da wane ido za su kalle shi. Da labari ya bazu cewa Nirapada-babu na bin gidaje, kowace mata ta aika a sayo mata alewa don kada ya riske ta hannu wofi, har Gopen ya ƙara tukunya ta biyu a wuta. Gida goma sha tara ya shiga. A na ashirin bai iya hawa matakala ba, ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki yana neman ruwan ɗumi.

Hannu biyu ya samu, nasa da nawa. Ni kuwa na sa ne saboda gashin bakin, ba don ina da wata magana da Gopen ba.

Washegari yana zaune a rumfa yana shan shayi ba sukari, sai ga Gopen da kansa, hannunsa na ɗigar ruwan sukari, idanunsa sun yi ja.

“Dada, an ce kana tara hannu. A ina zan sa?”

“Kai ne ake ƙara, Gopen. Wanda ake ƙara ba ya sa hannu.”

“Don girman iyayenka ka bar ni in sa. Na gaya wa Mastar-moshai ba zan iya ba, ya ƙi ji. Ko abinci ba ya shiga cikina.”

Ya karɓe takardar ya sa hannu, ta manne a yatsunsa, sai da Nitai ya ɓamɓare ta. Haka Nirapada-babu ya kai ta makaranta, tururuwa na bin ta a layi. Mastar-moshai ya ɗaga ta da yatsu biyu ya duba.

“Kai, da wanzaminka, da wanda kuke ƙara,” ya ce. “Jama'a sun yi magana ke nan.”

“Ka gaya min dalili ɗaya, Mastar-moshai. Ɗaya tak.”

“Shekarar ambaliya, da ruwa ya tafi da shagonsa, na gan shi tsaye a bakin kogi yana yi wa ruwa magana. Ban san me ya ce ba, amma ni da ke nesa sai da na cire tabarau.”

“Wannan dalili ne? Ni ma ina yi wa jirgin ƙasa magana idan ya makara.”

Mastar-moshai ya mayar masa da takardarsa da tururuwarta.

Dabara ta biyu ta fi ta farko girma. Nirapada-babu ya ce zai ɗauko tsohon sarki, Pashupati-babu, ya kai shi wajen gwaji, ya ga abin da aka yi wa gadonsa. Kalma ɗaya daga bakin tsohon, a cewarsa, za ta kori Gopen har bayan tukwanensa. Na rufe kujerata na bi su, don irin wannan ba a bari sai an ba ka labari.

Aka ɗora tsohon a rikisho, keken nan mai ɗaukar fasinja. A hawan makaranta mai keken ya ce ƙafafunsa ba na haya ba ne, sai Nirapada-babu ya sauka yana turawa. Bakin zanensa na dhoti ya shige cikin sarƙa, kowane taku sai keken ya ƙara cinye masa kamu guda. Ya isa ƙofar aji hannu ɗaya a keke, ɗaya a ƙugu, yana gaya wa masu kallo cewa haka ake ɗaura shi a Kolkata yanzu.

A ciki ana tsakiyar gwaji. 'Yan wasanmu ba sana'arsu ba ce, akwai mai kantin magani, akwai akawu, akwai direba, babu mai lokacin haddace wasan awa huɗu. Shi ya sa muke da Khagen tela, mai raɗa. Yana zama cikin makaɗa a gindin dandamali da littafin wasan, kwafi ɗaya tilo da aka rubuta da hannu tun zamanin kakanni, yana jefa wa kowa farkon baitinsa. Da shi ake yin wasan, ko da yake ba a taɓa tafa masa ba.

Gopen yana tsaye yana gumi, Khagen na jefo masa, yana cafewa. Pashupati-babu ya kara hannu a kunne ya saurara. Nirapada-babu ya harɗe hannu yana jiran tsawa.

“Muryar ba ta da kauri,” in ji tsohon, “amma ta san inda za ta.”

“Kaka-babu, ba ka ji da kyau ba ne. Bari in matso da kai.”

Tsohon ya ɗaga kai ya ƙura masa ido.

“Na gane ka yanzu. Kai ne mai gashin bakin layin gaba.”

Nirapada-babu ya murɗa gashin bakin, ya waiwaya don ya tabbatar kowa ya ji.

“Shekara talatin kana riga ni faɗin maganata,” tsohon ya ci gaba. “Ban taɓa faɗuwa a fagen yaƙi ba sai ka riga ni cewa wayyo. Gwiwa ce ta sa na bari, amma da ba ta sa ba, kai za ka sa.”

Ya sa aka miƙo masa ƙunshin da ya zo da shi, ya kwance, ya fito da takobin gwangwanin da ya riƙe duk shekarun nan, ya danƙa wa Gopen. Gopen ya durƙusa ya taɓa ƙafafunsa yana kuka. Nirapada-babu ne kuma ya mayar da tsohon gida, kuma a gangara ma sai da ya riƙe keken.

Na ɗauka ya haƙura. Ana jibi wasa ya zo ya zauna a kujerata, ya sa na shafa wa gashin bakin mai, ya rage murya.

“Phatik, na gano inda igiyar take. Ka lura Gopen ba ya iya baiti biyu ba Khagen?”

“Kowa ma haka yake, Dada.”

“Kowa yana da abokin wasa da zai raɗa masa. A jawabin bakin kogi sarki shi kaɗai ne a dandamali. Babu Khagen, babu littafi, babu jawabi.”

“Ina za ka kai Khagen?”

“Ba inda zan kai shi. Shinkafa ce za ta kai shi.”

Duk mutumin garinmu yana barcin bayan shinkafar rana, amma na Khagen daban ne. An taɓa ɗauke keken ɗinkinsa daga gabansa aka gyara aka mayar bai motsa ba. Saboda haka ranar wasa ba ya cin komai sai ayaba ɗaya da shayi. Na ce wa Nirapada-babu ya ji tsoron abin da zai biyo baya, ya ce shi da ya taɓa kama fasinja a cikin buhun albasa, tela ba zai gagare shi ba. Na yi shiru, kuma na ji kunyar shirun, amma gashin bakin yana hannuna ina taje shi, ba na son rabuwa da shi.

Ranar wasa da sassafe ya je kasuwa ya sayo kifin ilish manya guda biyu. Matarsa, Shefali-boudi, ta dube su ta dube shi.

“Me ya haɗa ka da Khagen yau?”

“Girmama masu fasaha. Ke dai ki dafa.”

“Shekara nawa yana yi maka ɗinki ba ka girmama shi da ko ruwa ba?”

“Shi ya sa nake so in rama.”

Khagen ya zo da littafin a hammata, ya ce shi fa gaisuwa kawai ya zo yi. Sai ƙamshin miya ya fito daga madafa ya same shi a ƙofa. Ban san mutumin ƙasarmu da zai ji ƙamshin ilish ya tuna da wata doka ba.

“Loma uku kawai, Boudi,” ya ce.

Faranti huɗu ya ci. Ƙarfe biyu ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa a tabarma, ya yi matashi da littafin. Nirapada-babu ya jira Boudi ta tafi ajiye wuri a ɓangaren mata, ya ja ƙofar ɗakin ya sa sakata ta waje, ya zo fili yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Ƙarfe huɗu fili ya cika har kan katanga. Mastar-moshai ya aika shagon Khagen, ya aika gidansa, ya aika bakin kogi. Jama'a suka fara tafi na gajiya, dole aka buga ƙararrawa aka fara ba mai raɗa.

Ni ina zaune kusa da Nirapada-babu, kuma na ga azabar da bai yi lissafinta ba. 'Yan wasa suna raɗa wa juna abin da suka tuna, abin da suka manta su ƙirƙira. Waziri ya faɗi maganar sarauniya. Mai kantin magani, da ke fitowa a jakadan maƙiya, ya manta sharuɗɗan yaƙi ya ce a sha sau uku bayan abinci. Kowane kuskure sai Nirapada-babu ya zabura kamar an soka masa allura.

“Ba haka ba ne,” yana cewa ta cikin haƙora. “Sun tsallake zuwan ɗan aike. Ina ɗan aike?”

“Kai ka kwantar da shi a tabarma, Dada,” na ce.

Haka aka lallaɓa har rana ta yi sanyi. Aka ci sarki da yaƙi, kowa ya sauka, makaɗa suka yi shiru. Gopen ya rage shi kaɗai, ba kambi a kansa, takobin gwangwani a hannunsa. Nirapada-babu ya gyara zama ya harɗe hannu.

Gopen ya dubi gefen da kogi yake, ya fara da siririyar muryar nan tasa.

“Uwa, ga ɗanki ya zo, ba kambi, ba doki.”

Wani ya yi dariya a baya, aka ce masa ya yi shiru.

“Kin ɗauke gonaki, ban ce komai ba. Kin ɗauke jiragen ruwa, ban ce komai ba.”

Ni dai ban taɓa jin an faɗe shi haka ba. Pashupati-babu yakan yi wa kogin tsawa ne, shi kuwa Gopen magana yake yi masa, kamar wanda suka taɓa samun saɓani. Sai ya kai baiti na huɗu ya tsaya. Ya dubi wurin Khagen, babu kowa sai tabarma.

“Yau kuma kin ɗauke... kin ɗauke tukwane...”

Na ji Nirapada-babu ya yi nishi. Ya sa hannu ya toshe bakinsa. Gopen ya sake cewa tukwane. Maganar ta fito ta tsakanin yatsun Nirapada-babu.

“Wane irin tukwane? Mutanen da ke kirana da suna.”

“Yau kin ɗauke mutanen da ke kirana da suna,” in ji Gopen, kuma wata tsohuwa a ɓangaren mata ta fashe da kuka.

Ya sake tsayawa. Na kama hannun rigar Nirapada-babu.

“Dada, ka tuna.”

“Wannan ɗaya kawai. Ba a barin baitin nan a rataye.”

Ya jefa masa na biyar. Sannan na shida, don a cewarsa na biyar ba ya da ma'ana sai da shi. Da Gopen ya juya wajen masu kallon gabas, kamar yadda sarki ke juyawa kowane gefe, muryar ba ta kai masa ba, sai Nirapada-babu ya miƙe ya bi gindin dandamali a sunkuye yana taka ƙafafun mutane. Gopen ya juya kudu, ya bi shi kudu. Har hannu yake nuna masa, nan ka ɗaga takobi, nan ka sauke, nan ka numfasa. Jama'a kuwa rabinsu na share hawaye, rabinsu na ƙirga baiti da yatsu, don babu wanda bai san da rantsuwar ba.

A baiti na sittin da uku Nitai ya miƙe daga layi na biyu, ya yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

“Nirapada-da, saura ɗaya.”

Nirapada-babu ya tsaya cak. Hannunsa ya tafi kan gashin bakin. Sai a lokacin ya ga inda ya kawo kansa. Gopen na tsaye a sama, hawaye sun wanke masa hodar fuska, bakinsa a buɗe, babu komai a ciki. Idan aka yi shiru, jawabin bai kai ƙarshe ba, gashin baki ya tsira. Ni da kaina, in faɗi gaskiya, roƙo nake yi ya yi shirun.

Ya dube ni, ya dubi Gopen, ya rufe ido.

“To ɗauke ni, uwa,” ya ce, “dama ni naki ne.”

Gopen ya maimaita, ya saki takobin ya faɗi a dandamali. Ban taɓa jin tafi irin na ranar ba.

Ana cikin tafin sai ga Khagen ya kutso ta tsakiyar jama'a, shatin tabarma a kumatunsa, littafi a ƙirji, rigarsa ta yage a tagar da ya fito.

“Ku dakata, na iso. A fara daga farko. An rufe ni ne, Mastar-moshai. A gidan Nirapada-babu aka ciyar da ni aka sa min sakata.”

Muryar Shefali-boudi ta taso daga ɓangaren mata.

“Ashe girmamawar ke nan. Kifi biyu, ni da tsayuwa a gaban wuta tun safe.”

Fili ya kwashe da dariya. Nirapada-babu ya gyara wuyan rigarsa.

“Da gangan na yi,” ya ce. “Gwada shi nake yi. Duk wanda ya san wasa ya san haka ake gwada sabon sarki.”

“Gwaji ya yi kyau,” in ji Nitai. “Phatik, gobe ƙarfe nawa?”

Washegari na fito da kujerata tsakiyar kasuwa, tsakanin masu kifi da masu ganye. Har daga ƙetaren kogi an zo. Nirapada-babu ya iso cikin farar rigarsa ta biki, ya zauna, na ɗaura masa ƙyalle. Ina wasa aska sai ga Gopen ya ratso da tiren alewa a kai, ya ajiye, ya haɗa hannuwa yana roƙon jama'a.

“Ku bar shi. Rantsuwar ba ta hau ba. Dada ne ya yi jawabin, ni baki kawai na ba da aro.”

Wasu suka ce ai kuwa da gaskiyarsa. Har Nitai ya fara sosa ƙeya. Ƙofa ce aka buɗe wa Nirapada-babu, ni kuma na riga na fara ninke aska. Nirapada-babu ya girgiza kai.

“Kai ka yi shi, Gopen,” ya ce. “Sau arba'in da ɗaya ana faɗin jawabin nan a gabana, jiya na fara jin sa.” Ya yi gyaran murya. “Ko da yake ka lalata baiti na goma sha tara. Phatik, me kake jira?”

Na fara da almakashi, gefen dama ya faɗo kan ƙyalle a murɗensa, sannan na hagu. Na shafa kumfa na bi da aska. Aikin shekara ashirin da shida bai ɗauke ni minti biyar ba, kuma na ji zafinsa har cikin raina. Da na goge fuskar, sai ga wani ɗan leɓe fari sol, ƙarami, wanda rana ba ta taɓa gani ba.

Shefali-boudi ta matso da kwandon cefanenta, ta zagaya shi sau ɗaya.

“Shekara talatin da huɗu da aure,” ta ce, “ashe da goggonka nake zaune.”

Mastar-moshai bai yi dariya ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sunkuya yana duba fuskar ta dama da hagu. A ƙungiyarmu maza ne ke fitowa a mata tun asali, kuma akawun da ke yin tsohuwar uwar sarki an yi masa canjin wurin aiki, wannan ne wasansa na ƙarshe.

“Nirapada-babu,” ya ce, “na daɗe ina neman fuska irin wannan. Uwar sarki, baɗi. Baiti goma sha biyu ne kawai.”

“Ni? Ni zan ɗaura zanen mata a gaban garin nan?”

“Wannan kam ba za mu yarda ba,” in ji Nitai, ido na ƙyalli. “An kashe wasan.” Nan da nan masu kifi suka goyi bayansa, masu ganye suka ce a ba shi dama, kasuwa ta kaure da gardama a kansa yana zaune.

“Kuma ba goma sha biyu ba ne,” Nirapada-babu ya ɗaga murya a cikin hayaniyar. “Goma sha bakwai ne. Kun yanke biyar tun shekarar da aka yi wa makaranta rufi.”

“In an mayar da biyar ɗin fa?” in ji Mastar-moshai.

Nirapada-babu ya karɓi madubi daga hannuna, ya daɗe yana kallo. Sannan ya jawo ƙyallen askin daga wuyansa ya yafa a kai, ya karkata haɓa, ya tambaye ni a hankali ko ta wannan gefen fuskar ta fi fitowa ko ta wancan.